Satifiket Ɗin Shafukan Intanet: Yadda Ake Bincikar Wa'adinsa, Tagwayensa da Sokewarsa da 'Yar Gajeriyar Manhaja

Duk wanda ya saba shiga kafe-kafen da ke kewaye da Kaduna Poly a Tudun Wada, musamman lokacin biyan kuɗin makaranta ko cike fom ɗin neman aiki, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan gargaɗin ba. Za a buɗe shafi, maimakon ya fito sai burauza ta tsaya cak, ta rubuto cewa "Your connection is not private". Abin da galibi ke biyo baya shi ne mai kafe ya ce, "Ba komai, matsalar netwok ce," ya danna ci gaba, a shigar da lambar katin banki a wuce wurin.

To, ba matsalar netwok ba ce. Burauza na gaya maka ne cewa takardar shaidar da shafin ya nuna mata ba ta gamsar da ita ba. Wannan takarda ita ake kira satifiket na dijital, kuma a yau za mu duba yadda masu kula da shafuka ke bincikar lafiyarsa da 'yar gajeriyar manhaja, wadda masu harkar ke kira sikirif. Kada mai karatu ya rikita shi da satifiket ɗin WAEC da ake saukewa ta intanet. Wancan shaidar jarrabawa ce, wannan kuwa katin shaida ne na kwamfuta.

Mene ne a cikin satifiket ɗin?

Kowane shafin da adireshinsa ya fara da https yana da mabuɗi guda biyu da lissafi ya haɗa su. Ɗaya na bayyane ne, kowa na iya gani. Ɗayan na sirri ne, yana ɓoye a cikin uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Da taimakon waɗannan mabuɗan ake kulle bayanan da ke kai-komo tsakanin wayarka da shafin, ta yadda wanda ke tsakiya ba zai iya karantawa ba.

Amma ta yaya wayarka za ta san mabuɗin da aka miƙo mata na bankinka ne, ba na wani ɗan damfara ba? Nan ne satifiket ya shigo. Ƙaramin fayil ne da ke cewa mabuɗi kaza na shafi kaza ne, daga rana kaza zuwa rana kaza. A ƙasansa akwai hatimin wani kamfani ko ƙungiya da masu ƙera burauza suka amince da su, irin su DigiCert, Sectigo, GlobalSign da Let's Encrypt. Bari mu kira su masu hatimi. Tsarin rubuta wannan fayil sunansa X.509, kuma tun 1988 aka fara fitar da shi.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce katin ATM ɗin da ke aljihunka. Yana da ranar ƙarewa. Idan ya ɓace, banki na iya toshe shi tun wa'adinsa bai cika ba. Kuma idan aka wayi gari akwai wani kati iri ɗaya da naka a hannun wani, ka san akwai matsala. Waɗannan abubuwa uku su ne tambayoyin da mai bincike ke yi wa kowane satifiket: ya ƙare? Yana da tagwai? An soke shi?

Kafin tambaya, sai an san adadinsu

A nan ne mafi yawan ma'aikatu ke faɗuwa, tun ba a je ko'ina ba. Mu ɗauka wata makaranta ce mai ɗalibai dubbai. Tana da babban shafi, da shafin rajista, da na biyan kuɗi, da na sakamako, da na ɗakin karatu, da imel, da na'urar raba intanet, da kyamarorin tsaro, da wani shafin taro da aka buɗe shekara uku da suka wuce aka manta da shi. Kowanne na da satifiket ɗinsa. Wani ma'aikaci ne ya sa, wani ɗan kwangila ne, wani kuwa ɗan bautar ƙasa ne da ya gama ya tafi garinsu. Ka tambayi shugaban sashen kwamfuta nawa ne, sai ya ce ai ba su fi goma ba. A ƙirga a tarar sun kai arba'in.

Don haka aikin farko na sikirif shi ne haɗa rajista, kuma wurare uku yake dubawa. Na farko, ya ƙwanƙwasa ƙofar kowace na'ura ya karɓi satifiket ɗin da take nunawa. Manhajar OpenSSL, wadda kyauta ce, tana yin wannan da layi ɗaya:

openssl s_client -connect sunan-shafi.ng:443 -servername sunan-shafi.ng

Lambar 443 ita ce ƙofar shafukan https, amma imel na da nasa ƙofofin kamar 465 da 993, su ma sai an duba. Na biyu, ya bi cikin na'urorin ya tattaro fayilolin da sunansu ya ƙare da pem, crt ko pfx. Na uku, ya leƙa kundin duniya da ake kira Certificate Transparency. Tun daga 2018 burauzar Chrome ba ta karɓar sabon satifiket sai an rubuta shi a wannan kundi na bainar jama'a. Ma'ana, idan ka shiga shafin crt.sh ka rubuta sunan shafinku, za ka ga duk satifiket ɗin da masu hatimi suka bayar da sunanku, har da wanda ba ku san da shi ba.

Daga kowane satifiket, sikirif zai ciro sunan shafi, sunan mai hatimi, lambar siriyal, ranar farawa da ta ƙarewa, zanen yatsan satifiket ɗin, da zanen yatsan mabuɗinsa. Zanen yatsa a nan wata doguwar lamba ce da ake lissafowa da tsarin SHA-256, wadda ko harafi ɗaya aka canza a fayil sai ta canza gaba ɗaya. Sai kuma shafi na ƙarshe a rajistar, wanda kwamfuta ba za ta iya cikewa ba: sunan mutumin da alhakin wannan satifiket ke wuyansa.

Tambaya ta farko: ya ƙare?

Wannan ita ce mafi sauƙi, amma ita ta fi kunyata manyan kamfanoni. Ranar 6 ga Disamba 2018, miliyoyin masu amfani da layin O2 a Birtaniya suka wuni babu data, a Jafan ma masu layin SoftBank suka shiga irin wannan hali. Da aka bincika, kamfanin Ericsson ya ce satifiket ne ya ƙare a cikin manhajar na'urorinsa. Ranar 3 ga Fabrairu 2020, manhajar Teams ta Microsoft ta tsaya na wasu sa'o'i saboda an manta ba a sabunta satifiket ba.

Wanda ya fi muni shi ne na kamfanin Equifax na Amurka a 2017. Suna da na'urar da ke sa ido kan bayanan da ke fita daga kamfanin, amma satifiket ɗinta ya ƙare watanni da yawa ba wanda ya lura, sai ta zama makauniya. Masu kutse suka shafe fiye da wata biyu suna kwasar bayanai, har na mutum kusan miliyan 147. A ƙarshen Yuli, da aka sabunta satifiket ɗin, nan take aka ga abin da ke faruwa. Ka ga ke nan, ba kullum ne ƙarewar satifiket ke zuwa da ƙara ba. Wani lokacin shiru za ka ji.

Gwajin kansa layi ɗaya ne:

openssl x509 -in satifiket.pem -noout -checkend 2592000

Lambar 2592000 daƙiƙoƙin kwana 30 ne. Umarnin zai faɗa maka ko satifiket ɗin zai ƙare cikin wannan lokaci ko a'a. Sikirif zai maimaita wannan kan duk abin da ke cikin rajista, ya jera su daga wanda ya fi kusa da ƙarewa.

Akwai tarko uku a nan. Na ɗaya, satifiket ba ya tafiya shi kaɗai. Sarƙa ce: na shafi, sai na tsakiya da ya buga masa hatimi, sai tushe da ke zaune a cikin wayarka tun daga kamfani. Kowace gaɓa na da wa'adinta. Ranar 30 ga Satumba 2021 wani tushe mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, tsofaffin na'urori da yawa a duniya suka daina buɗe shafukan da satifiket ɗinsu lafiyarsa lau. Har yau, wayar Android da ba ta kai sigar 7.1.1 ba ba ta san tushen Let's Encrypt ba, kuma irin waɗannan wayoyi ba su ƙare a hannun jama'armu ba. Sikirif ɗin da ke duba gaɓar farko kawai ya yi rabin aiki.

Na biyu, sabuntawa daban, ɗorawa daban. Sau da yawa sabon fayil na nan a ajiye cikin na'ura, amma uwar garke na ci gaba da nuna tsohon saboda ba a sake tayar da ita ba. Shi ya sa ake kwatanta abin da ke cikin fayil da abin da na'urar ke nunawa a ƙofa.

Na uku, agogo. Duk lissafin wa'adi ya dogara ne da agogon kwamfutar da ke dubawa. Kwamfutocin kwance da ake amfani da su a kafe-kafe, da yawa ɗan batirin da ke riƙe musu kwanan wata ya mutu. Da an ɗauke wuta aka dawo da ita, sai kwamfuta ta farka a wata shekara can baya, ta riƙa ganin kowane satifiket kamar lokacinsa bai ma yi ba. A irin wannan yanayi laifin ba na shafin ba ne, na ɗan batiri ne. Haka kuma lokacin da ke rubuce a satifiket agogon duniya ne na UTC, mu kuma a Najeriya muna gaba da awa ɗaya.

Tambaya ta biyu: yana da tagwai?

Kalmar tagwaye a nan ta ƙunshi abubuwa daban-daban, kuma ba duka ne haɗari ba. Aikin sikirif shi ne ya jera rajista bisa zanen yatsa, ya ware duk wanda ya bayyana fiye da sau ɗaya. Fassarar abin da ya samo kuwa aikin mutum ne.

Iri na farko shi ne satifiket guda a na'urori da yawa. Wannan na faruwa da satifiket mai alamar tauraro, wanda ke rufe duk ƙananan shafukan da ke ƙarƙashin suna ɗaya. Yana da sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, amma duk inda aka kai shi, mabuɗin sirrinsa na biye da shi. Kamar maigida ne ya kai makullinsa wurin mai yankan makulli, aka yi masa kwafi goma sha biyu ya rarraba wa 'yan haya. Ranar da aka fasa na'urar da ta fi kowace rauni, wato wancan shafin taron da aka manta, an samu mabuɗin shafin biyan kuɗi ke nan.

Iri na biyu shi ne satifiket daban-daban amma mabuɗi ɗaya. Ba za ka gane wannan da kallon lambar siriyal ba, sai ka kwatanta zanen yatsan mabuɗan. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, wadda ta ba da damar satar mabuɗin sirri daga nesa. Jama'a suka yi ta rububin canza satifiket, amma kamfanin Netcraft ya gano dubbai sun karɓo sabon satifiket ne a kan tsohon mabuɗin da ake tsoron an sace. An sake fentin ƙofa, kwaɗon na nan yadda yake.

Iri na uku ya fi ban mamaki: mutanen da ba su san juna ba, amma mabuɗinsu ya zo ɗaya. Ya kamata kwamfuta ta zaɓi mabuɗi ne daga cikin lambobi masu yawan da ba za su ƙirgu ba. A watan Mayun 2008 wani mai bincike, Luciano Bello, ya gano cewa wani kuskure da ya shiga tsarin Debian tun 2006 ya taƙaita zaɓin zuwa kimanin 32,000 kacal ga kowane nau'in mabuɗi. Mai kutse zai iya gwada su duka. A 2012 kuma Nadia Heninger da abokan aikinta suka tattaro mabuɗan intanet baki ɗaya suka kwatanta su. Mabuɗin RSA sakamakon ninka manyan lambobi biyu ne na sirri. Idan mabuɗai biyu suka yi tarayya a ɗaya daga cikin lambobin, lissafin HCF da muka koya a firamare ya isa ya tona asirin duka biyun. Da wannan suka lissafo mabuɗin sirrin kusan na'ura ɗaya cikin kowace 200 da suka duba, mafi yawansu ƙananan na'urori irin na raba intanet.

Iri na huɗu shi ne mai hatimi ɗaya, lambar siriyal ɗaya, amma satifiket biyu. Ƙa'ida ta hana wannan, kuma Firefox kan ƙi buɗe shafin da ta kama da haka. An fi samunsa a ma'aikatun da ke buga wa kansu hatimi don amfanin cikin gida. Sai dai a yi hattara da crt.sh: kowane satifiket kan bayyana sau biyu a can, sau ɗaya a matsayin share fage, sau ɗaya a matsayin na ainihi, da siriyal iri ɗaya. Wannan ba matsala ba ce, kuma sikirif ɗin da bai san haka ba zai cika ka da ƙarar banza.

Iri na ƙarshe shi ne satifiket mai ɗauke da sunanka wanda ba kai ka nema ba. A 2011 aka yi kutse a kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, aka buga satifiket na bogi fiye da 500, ciki har da na Google, aka yi amfani da shi wajen leƙen saƙonnin mutane kimanin 300,000, kusan dukkansu a Iran. Kafin watan Satumba ya ƙare kamfanin ya durƙushe. Irin wannan ne ya haifar da kundin bainar jama'a da muka ambata. Duk abin da ya fito a kundin amma babu shi a rajistarka, a bi diddiginsa a ranar.

Tambaya ta uku: an soke shi?

Idan mabuɗin sirri ya fita, ba a jiran wa'adi, sai a nemi mai hatimi ya soke satifiket ɗin. Ƙa'idojin masu hatimi sun ce idan an tabbatar mabuɗi ya fallasa, a soke cikin awa 24. Kuma ba sai ka yi laifi ake soke naka ba. A Maris 2020 Let's Encrypt ta sanar da cewa wani kuskure a manhajarta ya shafi satifiket kusan miliyan 3, ta ba masu su ɗan gajeren lokaci su canza. Wanda imel ɗinsa na tuntuɓa na wani ma'aikaci ne da ya bar aiki, ina zai ji labari?

Hanyoyi biyu ake bi a san ko an soke satifiket. Ta farko ita ce CRL, wato jerin lambobin siriyal da mai hatimi ya soke, wanda yake wallafawa lokaci-lokaci. Adireshin jerin na rubuce a cikin satifiket ɗin kansa. Sikirif zai sauko da shi, ya tabbatar da hatimin da ke kansa, ya duba cewa jerin bai tsufa ba, sannan ya nemi lambar. Ta biyu ita ce OCSP, inda ake tambayar mai hatimi kai tsaye game da satifiket guda, ya ba da ɗaya daga amsoshi uku: lafiya, an soke, ko ban san shi ba.

Raunin wannan tsari shi ne, da yawa daga cikin manhajoji idan suka yi tambaya ba su samu amsa ba, sai su ɗauka lafiya ce su wuce. Kamar mai gadi ne da zai kira maigida ya ji ko a bar baƙo ya shiga, waya ba ta shiga ba, sai ya buɗe ƙofa. A wurinmu da data ke yankewa a kai a kai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka sikirif mai kyau dole ya kasance da amsa ta uku a rahotonsa: ban iya tabbatarwa ba. Kada ya taɓa rubuta rashin amsa a matsayin lafiya.

A kuma sani cewa Let's Encrypt ta rufe hidimarta ta OCSP a watan Agustan 2025 ta koma kan CRL kaɗai. Duk tsohon sikirif da ya dogara da OCSP yana bukatar gyara.

Me ya sa abin ya zama na gaggawa yanzu?

Saboda sokewa ba ta aiki yadda ake so, sai aka koma rage tsawon ran satifiket, don ko an sace mabuɗi kada ya daɗe yana amfani. Daga Satumbar 2020 iyakar wa'adin ta koma kwana 398. A Afrilun 2025 majalisar masu hatimi da masu burauza, wato CA/Browser Forum, ta amince da sabon jadawali: kwana 200 daga 15 ga Maris 2026, kwana 100 daga 15 ga Maris 2027, sai kwana 47 daga 15 ga Maris 2029. Yi lissafi: kwana 47 na nufin sabuntawa aƙalla sau 8 a shekara. Makarantarmu mai satifiket 40 za ta yi sabuntawa sau 320. Babu littafin tunatarwa ko kalandar bango da za ta iya da wannan. Ga shi kuma tun Yunin 2025 Let's Encrypt ta daina tura imel ɗin tunatarwa.

Mafita ita ce sabuntawa ta koma hannun manhaja irin su Certbot, shi kuma sikirif ɗin bincike ya zama mai duba aikin manhajar. A rubuta shi da Python ko Bash, a sa shi ya riƙa tashi da kansa kullum, ya tura gargaɗi saura kwana 30, da 14, da 7, ga mutum biyu aƙalla. Gara a ajiye shi a wata na'ura da ke wajen ma'aikata, don kada wutar da ta kashe uwar garke ta kashe mai gadinta. Kuma ko babu matsala ya turo saƙon cewa ya duba, domin sikirif ɗin da ya mutu da wanda bai ga komai ba, shirunsu iri ɗaya ne.

Gargaɗi ga ɗalibai masu son gwadawa: karanta satifiket ɗin shafin da kowa ke shiga ba laifi ba ne, burauzarka ma kullum tana yi. Amma bin ƙofofin na'urorin wani ɗaya bayan ɗaya ba da izini ba na iya jefa ka cikin tarkon Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Ka gwada a kan naka, ko ka nemi izini a rubuce. Su kuma shugabannin ma'aikatu su tuna Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora musu nauyin tsare bayanan jama'ar da ke hannunsu.

Kammalawa

Ga wanda ba ruwansa da uwar garke, darasin gajere ne. Idan gargaɗin nan ya fito, fara duba kwanan watan na'urarka. Idan daidai yake, kada ka shigar da lambar kati, BVN, NIN ko kalmar sirri a wannan shafi, ka sanar da masu shi. Kuma ka sani rashin gargaɗi ba shaidar gaskiya ba ne, ɗan damfara ma na iya samun satifiket kyauta da sunan shafinsa na bogi, don haka karanta adireshi da kyau.

Ga masu kula da shafuka kuwa, kada a fara da rubuta sikirif. A fara da buɗe crt.sh a wannan makon, a rubuta sunan shafin ma'aikata, a ƙirga abin da ya fito, sannan a rubuta sunan mutum a gaban kowanne. Duk layin da aka rasa sunan da za a rubuta a gabansa, daga nan ya kamata bincike ya soma.